Sakamakon ELISA ya fito daidai, in gaya wa iyayen yaron lafiya lau?

Tambaya: Likita, ina aiki a wani ɗakin gwaji a Sabon Gari, Zariya. An kawo mana yaro ɗan wata goma, dasashinsa ya yi kauri, gaɓoɓinsa sun ƙage, ba ya girma. Ana zargin cutar I-cell, wata cuta ce ta gado. Wani dillali ya sayar mana da kit ɗin ELISA (kayan gwajin auna furotin a jini) na GNPTAB, wato ƙwayar halittar da ke samun matsala a wannan cuta, sakamakon ya fito daidai. Mahaifin yana jirana gobe, hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, don Allah kada ka faɗa masa haka.

Wannan kuskuren kullum ina cin karo da shi, har ya ishe ni. ELISA yawan furotin take aunawa, ba ta san ko yana aiki ba. Enzayim ɗin da GNPTAB ke samarwa, wato furotin mai gudanar da aiki a jiki, na iya kasancewa a jiki amma ya gaza manna mannos-6-fosfet, alamar da ke nuna hanya, a jikin sauran enzayim masu zuwa lisosom, wurin da ƙwayar jiki ke narkar da shara, kuma wannan gazawar ita ce cutar. Gidan wannan enzayim cikin Golji ne, wani sashe a cikin ƙwayar jiki, manne da bangonsa, to me kake nema a ruwan jini? Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun: don bincike kawai aka yi shi, ba don gano cuta a jikin mara lafiya ba. Dillalin ya sani, bai gaya maka ba ne. Ban ma taɓo zancen sanyi ba. Kit ɗin na son sanyin digiri 2 zuwa 8 na Salshiyos, ka dai san yadda firji ke kwana a garin nan idan an ɗauke wuta.

Abin da ake aunawa shi ne aikin enzayim ɗin lisosom irin su heksosaminidez a ruwan jini. A wannan cuta sukan ninka sau 5 zuwa 20, domin sun rasa hanyar lisosom sun zube waje. A fararen ƙwayoyin jini kuwa sukan fito kusan daidai, kada su ma su ruɗe ka. Tabbaci sai gwajin ƙwayar halittar GNPTAB da ke kan kuromosom 12.

Ka tura su wajen likitocin yara a asibitin koyarwa na Shika. A tambaye su cikin mutunci ko auren zumunci ne, domin idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. In ka ce musu lafiya lau, jibi za ka ji an kai yaron wajen mai cewa iska ce, ana yi masa turare alhali numfashinsa ne ke buƙatar kulawa.