Amsa ga mai son yin maraton bayan tirayatilon: injinka ya fi bodinka ƙarfi

Salam. Malam na ga tambayarka tun shekaranjiya, na so in amsa a lokacin aiki ya sha kaina. Ga waɗanda ba su gani ba, bawan Allahn nan ya ce shekara uku kenan yana tirayatilon, wato iyo da keke da gudu a haɗe, ya yi na tazarar Olamfik sau da dama ya kuma gama wanda ya fi shi tsawo da ake kira 70.3 guda ɗaya, yanzu yana son ya shiga gudun fanfalaki na Legas a Fabrairu, saura wata huɗu, shin ya ajiye keke da iyo ne gaba ɗaya ko ya ci gaba da tirenin ɗinsa yadda ya saba ya ɗan ƙara gudu kawai. Na ga wasu sun ce masa ai wanda ya gama 70.3 maraton shan ruwa ne a wurinsa. To ni dai wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu, don irinta aka faɗa min nima na yarda, kuma na ji a jikina.

Bari in fara da lissafi don kowa ya gane. Tazarar Olamfik iyo ne kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Shi 70.3 iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1. Maraton kuma kilomita 42.195 ne, duk a ƙafa. To kai in ka duba awannin da ka shafe a 70.3, wataƙila shida ko fiye, sai ka ce ai maraton awa huɗu ne kacal, me zai gagara. Ni ma haka na lissafa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne a awa shidan nan fiye da rabi ina zaune ne a kan sirdi ko ruwa na ɗauke da ni, ƙafata ba ta dukan ƙasa. A gudu kuwa kowane taku nauyin da ke sauka a ƙafarka ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma in takunka mita ɗaya ne kaga taku dubu arba'in da wani abu kenan. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, sati kaɗan ka ga canji, amma ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa su watanni suke so. Mu 'yan tirayatilon keke da iyo sun riga sun ba mu zuciya mai ƙarfi, sai ya zama kamar an ɗora injin tirela a jikin a-daidaita-sahu, injin na cewa mu je, bodi na kwancewa.

Abin da ya faru da ni kenan a karon farko. Ina Abuja lokacin, ina yin gudu sau uku a sati jimilla bai fi kilomita 25 ba, sai na tashi rana ɗaya na mayar da shi 55 cikin sati uku saboda ba na haki, agogo na nuna min bugun zuciya ƙasa-ƙasa, ina ji kamar zan iya zuwa Kaduna a ƙafa. Kuma ban rage keke ba, ranar Asabar ina nan da 'yan tawagarmu kilomita 90, Lahadi in tashi in yi dogon gudu a kan ƙafafun da suka riga suka gaji. Sati na bakwai ƙwaurina na hagu ya fara ciwo, wuri ɗaya tak wanda in na danna da yatsa sai na zabura. Na ce gajiya ce, na shafa man zafi na ci gaba. Da na je asibiti aka yi hoto likita ya ce saura ƙiris ƙashin ya tsage, ya hana ni gudu sati shida. Nan ne kawai tirayatilon ya yi min rana, don na koma ruwa da keke ban zauna ba, amma ƙafa dai ba ta samu abin da take buƙata ba.

Duk da haka taurin kai ya kai ni Legas. Burina awa 3 da minti 45, wato wajen minti 5 da daƙiƙa 20 kowace kilomita. Aka tashi daga filin wasa na Surulere da sassafe, jama'a ga kiɗa ga ihu, ni kuma ƙafa sabuwa fil, na duba agogo na ga ina yin minti 5 cif ina ma hira da na kusa da ni. Ka lura da wannan wurin sosai don shi ne tarkon da ke kama irinmu. A tirayatilon kana sauka daga keke ƙafa ta riga ta yi nauyi, ita da kanta take taka maka birki, ba ka da halin yin wauta ko kana so. A maraton zalla babu mai taka maka birki, kilomita 15 na farko ji za ka yi kamar kyauta ake ba ka. Muka hau gadar Third Mainland, doguwa ce kusan kilomita 12 kuma babu inuwa ko ta sisin kwabo, rana ta fito, ga zafin Legas mai gumi wanda ba irin namu na arewa ba ne. Wajen kilomita 29 cinyoyina ta gaba suka ƙulle. Ba haki nake ba wallahi, numfashina lafiya lau, da za a miƙo min keke a lokacin da na tuƙa har Ibadan, amma ƙafa ta ce ita ta gama. Na ƙarasa Eko Atlantic a awa 4 da minti 41, rabi tafiya rabi ɗingishi, wani dattijo da na wuce tun farko ya zo ya wuce ni yana min sannu. Kwana uku da baya-baya nake sauka daga bene.

Kuma kar ka ce don mu ƙananan 'yan wasa ne. Lance Armstrong, shahararren ɗan tseren keken nan na Amurka, ka bar batun ƙwayoyin da suka sa aka ƙwace masa kofunansa a 2012, mutumin nan da tirayatilon ya fara tun yana matashi kuma zuciyarsa ba irin tamu ba ce, ya yi maraton na New York a 2006 ya gama a 2:59:36, da bakinsa ya ce bai taɓa yin abin da ya wahalar da jikinsa kamar wannan ba, daga baya aka gano ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Waɗanda suka yi kyau kuma in ka bincika za ka ga dama can 'yan gudu ne. Gwen Jorgensen ta ci zinaren tirayatilon a gasar Olamfik ta Rio a Agustan 2016, a Nuwamba ta yi New York a 2:41:01, amma ita tun a jami'a take gudu. Alex Yee na Birtaniya da ya ci zinare a Faris 2024 ya yi maraton na Landan a 2025 a 2:11:08, shi kuma tun 2018 ya zama zakaran ƙasarsu a mita dubu goma. Ƙafafunsu sun daɗe suna shan duka kafin su zo nan.

To amsar tambayarka kai tsaye: kar ka ajiye keke da iyo, amma ka sauke su daga kujerar gaba. Na wata huɗun nan kai ɗan gudu ne mai taɓa keke da iyo, ba ɗan tirayatilon ba, kuma na san wannan ne ya fi wuya a zuciya don za ka ga abokanka na sa hotunan kilomita 100 a guruf ranar Asabar kai kana gida. Ka haƙura, keken ba zai gudu ba, sati uku zuwa huɗu bayan maraton ƙarfinka na keke zai dawo.

A karo na biyu ga yadda na yi, kuma na gama a 3:52 ba tare da na taka ko taku ɗaya da tafiya ba. Gudu sau huɗu a sati, keke sau ɗaya, iyo sau ɗaya, rana ɗaya kuma hutu na gaske ba wai hutun da za ka ce bari in ɗan leƙa jim ba. Keken na mayar da shi washegarin dogon gudu, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, giya mara nauyi, ƙafa na juyawa kawai jini na zagayawa. Na daina hawa tsaunuka da shi, na daina bin 'yan tsere. Iyon kuma minti 40 a tsakiyar sati, shi ya fi komai warware min baya da kafaɗa. Wannan tirenin da muke yi na sauka daga keke a zarce da gudu na ajiye shi gaba ɗaya, ba shi da aiki a nan, gajiya kawai zai ƙara maka.

Kilomita kuma a hankali. Na fara daga 30 a sati, ina ƙara uku ko huɗu, duk sati na huɗu in rage sosai jiki ya huta, ƙololuwar da na kai 60 ne kuma sai a wata na uku. Dogon gudu na fara da 16 na dinga hawa har 30, na yi 30 sau biyu 32 sau ɗaya, shikenan. Ba sai ka yi 42 a tirenin ba, duk wanda ya ce maka sai ka gwada cikakkiyar tazarar kafin ranar so yake ya kwantar da kai. Kuma yawancin gudun nan a saurin da za ka iya hira ne, in ba za ka iya ba abokinka labari kana gudu ba to ka yi sauri da yawa. Mu matsalarmu kenan, mun saba da kilomita 10 da 21 inda ake matsawa, sai mu ga gudu a hankali kamar ɓata lokaci. Sau ɗaya kawai a sati nake matsawa, shi ma yawanci a saurin da nake son yi ranar gasa ne don ƙafa ta haddace shi. In kana da hanyar ƙasa ko burji kusa da kai ka riƙa raba gudun tsakaninta da kwalta. Ka ga yaran Filato na wajen Pankshin da ke cinye dogon gudu a ƙasar nan, ba a kwalta suka tashi ba. Ka kuma riƙa ɗan aikin ƙarfi sau biyu a sati, tsugunne-tashi da ɗaga diddige a bakin matakala, minti 20 ya isa.

Batun ci ma akwai bambanci. A tirayatilon keke ne ɗakin cin abincinmu, kana zaune ciki a natse ka ci ayaba ka ci duk abin da ka ɗauko. A gudu ciki na girgiza, abin da ya zauna maka lafiya a keke zai iya sa ka neman bayan gida a kilomita 20. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya kai mutum ƙarshen 42, shi ya sa ake yawan zubewa tsakanin 30 da 35, don haka ana so ka riƙa sa wa cikinka wajen giram 30 zuwa 60 na abu mai sukari duk awa, kuma ka fara tun minti 40 na farko kafin ka ji buƙata. Jel ɗin nan na 'yan gudu, wato abu mai sukari mai kauri a 'yar leda, yana da tsada, ni dabino nake haɗawa da shi, amma mai laushi, in busasshen nan ne irin na Agadas ka jiƙa shi tun dare ka cire ƙwallon, in ba haka ba za ka tsaya kana fama da tauna kana haki. Zuma a 'yar leda ma tana yi. Koma dai mene ne ka gwada shi a dogayen gudunka, ranar gasa ba ranar gwaji ba ce, haka takalmi, haka safa, haka gajeren wando. Daren gasa shinkafa ko taliya da miya mara yaji, ka bar suya da kilishi sai an gama. Basilin a cinya da hammata da kan nono, kar kunya ta hana ka, na ga mutum da jini a riga layi biyu.

Ruwa kuma kar ka ɗirka don tsoro, shan ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini kuma yana da haɗari sosai. Ka kurɓa kaɗan-kaɗan, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Abin da ya fi damuna da shirinka shi ne duk tirenin ɗinka cikin hunturu zai faɗo, Nuwamba zuwa Janairu, iska busasshiya gumi na bushewa nan take asuba da sanyi, sai ka sauka Legas inda gumi ba ya bushewa. Duk saurin da kake yi a nan da asuba ka ƙara masa daƙiƙa 10 zuwa 15 a kilomita a can. A watan ƙarshe ka riƙa yin wasu gajerun gudun da hantsi don jiki ya ɗanɗani zafi, ranar da hazo ya yi yawa kuma ka haƙura ko ka koma ruwa. Ka duba kalanda ma, shekarun nan azumi na matsowa wajen Fabrairu, ka san inda ya faɗo kafin ka tsara makonninka.

Sati uku na ƙarshe rage tirenin ake yi, kuma dan Allah kar ka cike gurbin da keke don ka ji ƙafa na ƙaiƙayi, na san halinmu. Ranar gasa rabin farko ka bari mutane su wuce ka, har masu kayan ado da masu ɗaukar bidiyo, da yawansu za ka same su a gefen titi can gaba.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba shi ne kilomita nawa kake gudu a sati yanzu. In ka kai 30 kuma babu inda ke maka ciwo wata huɗu ya isa. In kana ƙasa da 20 ne gaskiya ni shawarata ka yi na kilomita 10 bana ka bar 42 sai baɗi, ko ka shiga da niyyar gamawa kawai ka cire agogo daga ranka. Ka rubuto min adadin da kuma lokacinka na ƙarshe a kilomita 10, sai in turo maka jadawalin da na bi ka gyara shi daidai da aikinka. Kuma in ka ji ciwo a wuri ɗaya a kan ƙashi wanda yatsa ke iya nunawa, ka tsaya ranar, ka je a duba.