Amsa: Zagaye dubu 40 ba royal fulash, ko injin na da maguɗi?

Ɗan'uwa, ka ce ka buga foka ta bidiyo, wato wasan karta na caca a inji, kusan zagaye dubu 40 ba ka taɓa ganin royal fulash ba, har kana zargin an murɗe injin. Lissafi bai goyi bayanka ba.

Karta 52 ce, a raba maka biyar. Hanyoyin da biyar ɗin za su iya fitowa 2,598,960 ne, huɗu kacal a ciki ne royal, wato 10, J, Q, K da A masu zane ɗaya. Ke nan a rabon farko, ɗaya cikin 649,740. Abin da ke sassauta lamarin shi ne damar zubarwa ka ja sababbi. A Jacks or Better, wani nau'in foka ta bidiyo, in kana wasa daidai, yakan koma kusan ɗaya cikin dubu 40.

Wannan adadin matsakaici ne fa, ba alkawari ba. Injin ba ya tuna jiya, kowane rabo sabon garwayi ne. Cikin mutum ɗari da suka buga irin naka, kusan 37 haka za su tashi hannu rabbana.

Ka san lokacin nan da huɗu cikin kartocin royal ke hannunka, saura ɗaya, yatsa na rawa a kan maɓalli? Karta 47 suka rage, guda ɗaya tak kake nema. In uku ka riƙe kuwa, ɗaya cikin 1,081. Karta huɗu masu lamba ɗaya ma, da ake raina wa, sai kusan zagaye 420 suke leƙowa.