Hukuncin buga tsofaffin wasannin PlayStation da Sega a waya, da karɓar kuɗi a kansu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina da ɗan teburi a kasuwar Dole nan Damagaram, ina cajin waya da gyaranta. Samari kan kawo min waya in sa musu PPSSPP ko ePSXe tare da wasannin da, ina karɓar dala arba'in a kan kowane wasa. A intanet nake sauko da su kyauta. Wani ya ce min kuɗin haram ne, wani ya ce wasannin sun tsufa, ba su da mai su. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da kake sa wa mutane a waya kashi uku ne, kowanne da hukuncinsa, kuma cakuɗa su ne ya sa masu ba ka shawara suka saɓa.

Na farko ita kanta manhajar, wadda ake kira emulato. Aikinta ta sa waya ko kwamfuta ta kwaikwayi wata tsohuwar na'urar wasa: PPSSPP tana kwaikwayon PSP, wato ƙaramar PlayStation ta hannu, ePSXe da DuckStation suna kwaikwayon PlayStation ta farko wadda ta fito a 1994, PCSX2 kuma PlayStation 2. Masu rubuta su da kansu suka rubuta, akasarinsu kuma kyauta suka sake su. Asalin abubuwa halacci ne, kayan aiki kuma hukuncin abin da aka yi da shi yake ɗauka. Saboda haka sa manhajar halal ne, ladan aikinka na saita ta, da daidaita maɓallai, da rage nauyin hoto don ƙaramar waya ta daina sarƙewa, shi ma halal ne, ijara ce sananna. Abin da zan togace: PPSSPP Gold da ePSXe ta waya na kuɗi ne, waɗanda ake turawa hannu da hannu ba a biya masu su ba. Ka tsaya ga PPSSPP ta kyauta, aikinta ɗaya da na Gold.

Na biyu BIOS, ɗan fayil ɗin da ke tayar da na'urar. PPSSPP ba ta buƙatarsa, amma DuckStation da PCSX2 ba sa tashi sai da shi, kuma mallakin kamfanin Sony ne. Wanda ke da na'urar ya ciro nasa daga cikinta, babu laifi. Wanda ya sauko da shi daga wani shafi, hukuncinsa na kashi na uku ne.

Na uku, wanda shi ne jigon tambayarka, wasan kansa, wato fayil ɗin ISO ko ROM. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ƙuduri na 43, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, bai halatta a keta ta ba. Wannan ya dace da mazhabarmu ta Malikiyya, inda amfani yake cikin abin da ake ƙirgawa dukiya, al'ada kuma abin lura ce. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna. Kasancewar mai haƙƙin ba Musulmi ba ne, ko babban kamfani ne a Japan, bai sauya komai ba, dukiyar wanda babu yaƙi tsakaninmu da shi tana da alfarma.

Maganar cewa sun tsufa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin wallafa, wadda Nijar take ciki, mafi ƙarancin kariyar da ta ba irin waɗannan ayyuka shekara 50 ne, na'urar Famicom ta Nintendo kuwa a 1983 ta fito, Mega Drive ta Sega a 1988, wasanninsu ba su kai shekara 50 ba ke nan. Ban da haka, masu su ba su yar da su ba: Nintendo na haya da tsofaffin wasanninta ta Nintendo Switch Online, Sony ma haka ta PlayStation Plus. Gonar da mai ita yake nomawa ba a kiranta saura.

To, ga yadda hukuncin ya rarrabu. Wanda ya sayi faifai na asali ya kwafe shi don amfanin kansa, ya halatta, domin ya biya, kuma faifai na karcewa, ƙurar hunturu ma na kashe idon na'ura. Faifan PlayStation 1 da 2 kwamfuta mai ɗaukar DVD tana karanta su, manhaja irin ImgBurn ta mayar da su fayil. Na farko bai wuce mega 700 ba, na biyu akasari bai wuce giga 4.7 ba. Faifan PSP kuwa sai ta cikin PSP ɗin kanta ake kwafe shi. Sai dai a lura, kwafin kwafi bai zama na asali: faifan PlayStation 1 na gaskiya bayansa baƙi ne, wanda bayansa ke ƙyalli fari ko shuɗi-shuɗi, an rubuta sunan da alƙalami, bugun gida ne.

Wanda ya sauko da wasan da bai taɓa saye ba don ya buga shi kaɗai, a nan malaman zamani sun yi saɓani. Wasu sun sassauta idan ba a sayar da shi ko'ina kuma babu hanyar biyan mai shi. Abin da na rinjayar: wanda har yanzu ake sayarwa bai halatta ba, wanda kamfaninsa ya ruguje, ba a san wanda ya gaje shi ba, barinsa ya fi, amma ba na cewa mai yi ya ci haram.

Sayarwa kuwa, kamar yadda kake yi, ban ga mafita a cikinta ba, domin ko masu sassauci ba su kai nan ba, kana cin riba ne da abin da ba naka ba. Abin da ka ci a baya cikin rashin sani, ka yi istigfari, in ka iya kimanta shi ka yi sadaka da shi ya fi tsarki. Daga yau ka karɓi ladan saita manhaja, da kwafe wa mutum faifansa, da wasannin da masu su suka sake kyauta. Akwai kuma amanar wayar mutane: shafukan da ake sauko da waɗannan abubuwa sukan ba da fayil mai ƙarewa da apk a madadin iso, wanda manhaja ce mai neman izinin karanta saƙonni, har da lambobin sirrin asusun kuɗi. In ka sa wannan da sakaci dukiyar mutum ta salwanta, akwai lamuni a kanka, kamar kowane mai sana'a da aka ba wa kaya.

Ko da fayil ɗin na halal ne, sai an dubi abin da ke cikinsa. Ƙwallo da tseren mota ba su da laifi a kan kansu. Wasan da aka gina kan allolin Girkawa irin God of War, ko kan fashi da alfasha irin GTA, kada ka sa wa kowa, balle ƴaƴan mutane. Kiɗan ciki ana kashe shi a saitin sauti.

Sai al'adar nan ta majalisun samari, a buga ƙwallo a ce wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa ko ya sayi shayi. Wannan caca ce ko da dala biyar ce, tana ƙarƙashin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Kowa ya biya rabonsa, ko ɗaya ya ɗauki nauyi tun kafin a fara ba tare da sharaɗin ci ba. Wasan da ya kai mutum ga fitar da salla daga lokacinta ya haramta a gare shi. Emulato ma ta yanke uzuri, tana da wurin ajiye wasa daidai inda aka tsaya, a dawo a ci gaba bayan an sallame.

Wallahu a'alam.