Amsa: Shin Kiristocin farko bauta wa shahidai suke yi?

Malam, ka tambaya ko girmamawar da Kiristocin farko suke yi wa shahidai bauta ce. A wajen malamansu, a'a. Wasiƙar da ikilisiyar Simirna (birnin Izmir na Turkiyya a yau) ta rubuta bayan kashe Bishop Folikaf, wajen shekarar 155, ta raba abin biyu: Almasihu ake yi wa sujada, shahidai kuwa ƙauna. Kiristocin Simirna sun kwashe ƙasusuwan Folikaf suka adana, domin su riƙa taruwa a wurin duk shekara.

Ranar da aka kashe shahidi ita ake kira ranar haihuwarsa. A je kabarin, wanda dokar Roma ta sa yake bayan gari, a karanta labarin shari'arsa, a yi Jibin Ubangiji (ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Almasihu), sannan a ci abinci. Nan gizo ke saƙa, don cin abincin yakan rikiɗe ya koma shaye-shaye. Bishop Ambros ya hana shi a Milan ta Italiya, Agustin kuma, malamin ikilisiyar Hippo a Arewacin Afirka, ya yi fama da mutanen garin a kansa a 395.

Bayan Sarkin Roma Kustantin ya kawo ƙarshen tsananta wa Kiristoci, aka gina manyan majami'u a kan kaburburan, masu hali suka shiga rububin a binne su kusa da shahidi. Ƙasusuwa suka zama haja, na jabu suka yawaita. A 386 Sarki Tiyodosiyus ya haramta sayar da su, amma dokar ba ta yi tasiri ba. Taron bishop-bishop na Kartaj (a Tunisiya ta yau) a 401 ya ce a rushe duk bagaden da babu gawar shahidi ko tabbataccen tarihinsa a wurin, musamman waɗanda mafarki kawai ya sa aka gina.