Fim ɗin gwaji da jikin mace: ina bambancinsa da batsa?

Tambaya: Malam, na ji ana yabon wasu mata a Turai da Amurka waɗanda ke shirya ƙananan finafinan gwaji, wato waɗanda ba sa bin salon fim da aka saba, na ƙashin kansu, suna nuna jikin mace da sha'awarta. Me ya raba wannan da batsa?

Amsa: Malama, abin da ya raba su shi ne wanda aka ɗauki hoton dominsa. A 1975 Laura Mulvey, 'yar Ingila mai nazarin finafinai, ta yi rubutu a mujallar Screen tana cewa finafinan Hollywood sun saba yanka jikin mace gunduwa-gunduwa, ƙafa a nan, leɓe a can, domin idon namiji ya more. Batsa ita ce ƙarshen wannan hanya. Matan da kike tambaya a kansu so suke mai kallo ya ji abin da macen take ji a jikinta.

Tun a 1943 Maya Deren da mijinta Alexander Hammid suka ɗauki Meshes of the Afternoon a gidansu na Los Angeles, fim na minti 14 kacal. Ita ce ta fito a ciki, kuma sau da yawa kyamarar takan zama idonta, sai ki ga hannunta da inuwarta da makulli da wuƙa kamar yadda ake ganin abu a mafarki.

Wadda ta fi burge ni ita ce Chantal Akerman ta Beljiyam, wadda ta fitar da fim ɗin Jeanne Dielman a 1975 tana da shekara 24. Sama da awa uku ana bin wata mata da mijinta ya rasu, tana feraye dankali, tana gyaran gado, tana wanka. A wurin wankan kyamara ba ta motsi, ba ta matsowa kusa da kowace gaɓa. Mace ce kawai take cuɗa jikinta kamar yadda take goge tukunya, har kallon ya yi wa mutum nauyi. Matar tana karɓar maza da rana domin kuɗin cefane, amma a kwana biyun farko na kwana ukun da fim ɗin ya ƙunsa Akerman ta bar mu a bakin ƙofar ɗaki. A ganina wannan tsayuwa a bakin ƙofa ita ce babbar hujjar fim ɗin. A 2022 masu sharhin da mujallar Sight and Sound ta tambaya sun sanya shi a matsayi na ɗaya cikin finafinan da suka fi kyau a tarihi.

Ba duka ne ke da wannan kamewa ba. Carolee Schneemann ta ɗauki kanta da abokin zamanta a fim ɗinta Fuses cikin shekarun 1960, ba tare da ɓoye komai ba, ko da yake ta kankare zaren fim ɗin, ta ƙona shi, ta shafa masa fenti har siffofin suka dagule. Manufarta ba ta kasuwa ba ce, amma tsiraici ne a fili, kuma wanda addininsa ya hana shi kallo yana da cikakken dalilin kauce masa. Idan karatun fannin kike so, ki fara da Deren.