Amsa: Cire inkoda daga injinan masana'anta, ya dace?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya cire inkoda, wato na'urar auna juyawa, daga injinan lantarkinku (mota) saboda ƙura da girgiza suna yawan lalata ta, diraib, wato na'urar da ke ba inji wuta tana sarrafa gudunsa, ya riƙa aiki ba tare da ita ba. Za ka iya, amma ba a kowane inji ba.

Inkoda tana gaya wa diraib ainihin gudun da inji yake yi. In babu ita, sai diraib ya ƙiyasta gudun daga wutar da injin ke ja da kuma wutar da yake mayarwa yayin juyawa. Matsalar tana nan: idan gudu ya yi ƙasa sosai, wutar da yake mayarwa kusan babu ita, ƙiyasin ya zama lalube. Shi ya sa famfo, fanka da bel mai ɗaukar kaya, waɗanda ba su cika aiki a gudu ƙasa sosai ba, ba sa damuwa. Amma abin ɗaga kaya sama, wanda dole ya riƙe nauyi yana tsaye cak, ni dai ba zan raba shi da inkoda ba.

Kafin ka kunna, shigar wa diraib bayanan da ke rubuce a farantin jikin injin daidai, sannan ka bar diraib ya auna injin da kansa, zai fi kyau a cire masa kaya tukuna. Ka tuna tirjiyar da wayar tagullar cikin injin ke yi wa wuta tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri ɗaya na zafi a ma'aunin Celsius, don haka gwada injin bayan ya yi zafi. Fanka kuma, kunna mata saitin diraib da ke ba shi damar tayar da inji ko da ya tarar yana juyawa.