Tambayi Likita: Jajayen ƙullutai a fatar kan maigidana, ciwon daji ne?

Assalamu alaikum Likita. Maigidana na ɗauke da HIV, kuma kusan shekara guda ke nan da ya ajiye maganinsa. Wata biyu da suka wuce wasu jajayen ƙullutai uku suka fito masa a fatar kai, babban cikinsu ya kai kan ɗan yatsa. Ba su da zafi, amma ranar da reza ta taɓa ɗaya wajen aski, da ƙyar jinin ya tsaya. Ga zazzaɓin dare, ga rama. An ce mana ciwon daji ne. Ko kyanwarmu da ke kwana kusa da filonsa na da hannu? Daga wata uwargida.

Wa'alaikumus salam, uwargida. Allah Ya ba maigida lafiya. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma zancen kyanwar nan ya sa na gyara zama.

Wanda ya ce miki daji ne yana nufin sankarar Kaposi, kuma ba shirme ya yi ba, ana yawan ganinta ga masu raunin garkuwar jiki. Sai dai tana da wata mai kama da ita ƙwarai, wadda ko mu likitoci ido kaɗai ba ya raba mana su. Sunanta basilari anjiyomatosis. A 1983 aka fara bayyana ta a jikin wani mai ƙanjamau a Amurka, sai a 1990 David Relman da abokan aikinsa na jami'ar Stanford suka gano ƙwayar cutar ta hanyar binciken ƙwayoyin gadonta. Bakteriya ce, dangin Bartonella, kuma iri biyu ne ke jawo cutar. Iri ɗaya tana yawo a jinin kyanwa, musamman 'yan ƙanana. Ƙuma ta sha jinin, ta yi kashi a gashin kyanwar, kashin ya maƙale a farce, yakushi ɗaya ya isa. Ɗaya irin kuma ƙwarƙwatar tufafi ke yaɗa shi.

Abin da ke ba ni mamaki game da ita har yau: ba ruɓar da nama take yi ba. Tana sa ƙananan jijiyoyin jini su yi ta tsiro suna cukurkuɗewa wuri guda har su taso. Ƙullutun nan tamkar ƙwallon jijiyoyi ne, shi ya sa reza ta tada jini haka. Tana kuma iya shiga hanta, saifa da ƙashi, inda ba a gani. Zazzaɓin nan da ramar sun fi ƙullutan damu na.

Saboda haka kada a matse, kada a ƙona, kada kowa ya yanke a gida. Ku je asibiti cikin makon nan a ɗebi ɗan ƙaramin nama a duba. Ki roƙe su, in sun ga ya dace, su yi rinin Warthin-Starry, wanda ke fito da ƙwayoyin baƙi-baƙi a madubin gwaji, a kuma auna CD4 ɗinsa, wato yawan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke jininsa, don cutar ta fi kama wanda nasa ya faɗi ƙasa da 100. In ita ce, erythromycin ko doxycycline na warkar da ita, amma sai an sha aƙalla wata uku. Masu tsayawa da zarar ƙullutan sun motse su ne take dawo wa.

Kyanwa kuwa ba sai kun kore ta ba. A yi mata maganin ƙuma, a raba ta da filon. Ki kuma lallaɓa maigida, ba da faɗa ba, ya faɗa wa likitansa gaskiyar cewa ya shekara bai sha magani ba, a tsara yadda zai koma.